Daga Gangara Zuwa Teburin Caca: Tafiyar Mai Ƙaramin Guzuri

DUK wanda ya taɓa biyan kuɗin ƙofa ya zauna a bencin gidan kallo ya san wannan fitowar. Jarumi ya shigo wani makeken zaure cikin baƙar kwat, takalmi na ɗaukar ido, fitilu ta ko'ina kamar ana auren 'yar sarki. Ya ja kujera ya zauna daf da bos. Aka raba karta. Kiɗa ya tsaya cak. Bos ya buɗe tasa ya na murmushin mugunta, jarumi ya buɗe tasa a hankali, sai kawai gidan kallo ya kaure da tafi da fito. Amitabh Bachchan ya yi irin ta a 'The Great Gambler' na 1979, Daniel Craig ya maimaita a 'Casino Royale' na 2006, kuma har gobe samari na tashi daga kallon su na gyara wuyan riga.

Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne yadda jarumin ya zo garin. Ba a ganin sa a tasha ya na ciniki da ɗan kamasho. Ba a ganin inda ya kwana, balle a ga ya na lissafin kuɗin shayi da burodi. Ita kuwa kartar da ta faɗo hannun sa, ai marubucin labari ne ya ba shi ita tun kafin a fara ɗauka.

To, a ce yau ga wani saurayi a Gangara, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato. Kaka ta yi, ya sayar da ɗan waken sa, naira 100,000 ta taru a aljihu. Ya ƙudurta zai je ya ga gidan caca da idon sa, ya gwada sa'a, shi kaɗai ba aboki don kada labari ya riga shi dawowa gida, kuma ya kwana inda ya fi araha don kuɗin ya isa tebur. Ina zai dosa, me zai tarar? Mai karatu, gyara zama.

Gobir gidan faɗa

Da farko dai a san inda tafiyar za ta soma. Gangara na cikin tsakiyar ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, ƙasar gero da dawa da wake a tudu, da albasa da shinkafa a fadamun Gulbin Rima. Sabon Birni da Isa su ne manyan garuruwan yankin, kuma a nan ne kufan Alƙalawa ya ke, babban birnin Gobir inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, wanda ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba su ka yi arewa, daga baya su ka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga Tsibirin ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya dawo ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa su ka zo su ka ja layin su, sai layin ya ratsa ta tsakiyar dangi guda: wa a Nijeriya, ƙane a Nijar, zane iri ɗaya a kumatu. Shi ya sa mutumin Gangara ba ya jin ya fita waje idan ya tsallaka. A wurin sa Maraɗi ta fi Kano kusa, a ƙafa da kuma a zuciya.

Caca ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, kamar dai sauran ƙasar Hausa. Tun zamanin da wuri ne kuɗi ake watsa shi a ƙasa a ga nawa su ka kife, nawa su ka buɗe. Da karta ta zo sai ta samu gurbi a bayan kasuwa, da gefen filin dambe, da gidajen bariki, musamman da kaka lokacin da aljihun manomi ke da nauyi. Ba a taɓa ɗaukar ta sana'ar mutunci ba. Malamai na ta jan kunne da ayar Suratul Ma'ida ta 90, wadda ta haɗa caca da giya wuri guda, kuma ba uban da ke murnar ba ɗan caca 'yar sa. Amma dai ana yi, ido na gani.

Shekarar 2000 ce ta canza taswirar. Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Sakkwato ta bi sahu a wannan shekara, a ƙarƙashin Gwamna Attahiru Bafarawa, wanda shi kan sa ɗan ƙasar Isa ne. Aka rufe mashaya, aka watsa gidajen karuwai, aka hana caca. 'Yan kallo ma ba su tsira ba, don a Zamfara har gidajen sinima abin ya shafa. To amma wanda ya saba da abu ba ya bari don an buga doka. Hanya kawai ya ke sakewa. Masu wannan harka su ka naɗe tabarmin su su ka tsallaka Nijar, inda dokar ba ta kai ba. Birnin Ƙonni, daura da Illela, ta samu rabon ta. Wani ɗan ƙauye mai suna Firji, da zarar an wuce iyakar Jibiya a kan hanyar Maraɗi, ya tashi daga ƙauye ya zama bariki sosai: rumfunan karta, giya, mata, kiɗa har asuba, kuma yawancin masu zuwa daga Nijeriya su ke. A shekarun nan idan aka ce wane ya tafi Firji, ba a tambayar me ya je saye.

Mutanen Maraɗi ba duka su ka yi maraba da waɗannan baƙi ba. A Nuwamba 2000, lokacin da ake ta da jijiyar wuya kan bikin nunin tufafi na FIMA da Alphadi ya shirya a Yamai, zanga-zanga ta ɓarke a Maraɗi. Masu bore su ka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kan su, su ka ƙone rumfunan cacar dawaki. Ke nan ko a can ɗin, wurin da doka ta ƙyale, jama'a ba su ƙyale ba.

Hanya biyu

Saurayin Gangara na da hanya biyu a gaban sa: arewa ko kudu.

Ta arewa ita ce ta kakanni, ta Gidan Runji da Tsibiri zuwa Maraɗi. Ta fi kusa, yare ɗaya, tuwo ɗaya. Sai dai tun kafin ya hau mota zai sha kashi na farko a hannun ɗan canji. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ke nan, sefa 1,000 kuma ita ce jika. Sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai, ba ta motsi, ita kuwa naira da aka sake ta ta nemi farashin kan ta a Yunin 2023 sai ta gangara. A tsakiyar shekarun 2000 jika ɗaya ba ta kai naira 300 ba; a 2024 ta haura naira 2,000. Wato naira 100,000 da a da za ta ba shi jika fiye da 300, ya shiga Maraɗi ya na taƙama kamar furodusa, yanzu ko jika 50 ba za ta cika ba. A da ɗan Nijeriya ke zuwa Nijar ya yi facaka. Yau ɗan Nijar ne ke shigowa Illela ranar Lahadi ya cika mota da kaya ya na dariya.

Sannan ga iyakar kan ta, wadda ta koma kamar ƙofar shago, yau a buɗe gobe a rufe. Gwamnatin Buhari ta rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake garƙame ta, sai Maris 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Mai zuwa gaida kawu ba ya rasa abin faɗa wa jandarma a shinge. Shi kuwa wanda ba shi da kaya, ba shi da adireshin kowa, ga kuɗi a ɗaure a ƙugu, sai ya shirya amsar tambayar "wurin wa za ka?" tun daga gida.

Kuma bayan duk wannan, abin da zai tarar a Maraɗi bai yi kama da na fim ba ko kaɗan. Cacar da ta fi kafuwa a Nijar ita ce ta dawaki, wadda hukumar caca ta ƙasa, LONANI, ke gudanarwa. 'Yar rumfa ce a bakin titi, da mai sayar da tikiti a ciki, da maza tsaitsaye su na nazarin takardar sunayen dawaki kamar masu shirin jarrabawa. Dawakin kuwa ba a Maraɗi su ke ba, ba a Yamai ba. A Faransa su ke gudu, a filaye irin su Vincennes da Longchamp. Abin dariya abin tausayi: jikan mutanen da Narambaɗa na Isa ya yi wa dokin su waƙa, Dokin Iska Ɗan Filinge, shi ne zai tsaya ya zuba kuɗin waken sa a kan dokin da bai taɓa ganin ko jelar sa ba.

Hanyar kudu ita ce mai kai mutum gidan caca irin na fim, mai kafet da sanyin na'ura. Irin waɗannan a Nijeriya sai manyan otal-otal, kamar Transcorp Hilton a unguwar Maitama ta Abuja, da Federal Palace a Legas. Legas dai a bar ta; ko da Bagobiri na wasan taubasantaka da Bayarabe, wasan ba ya rage kuɗin mota. Abuja ma tafiya ce ta yini guda cur ko fiye: Isa, Shinkafi, Ƙauran Namoda, Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, kafin a hango dutsen Zuma. Zuwa da dawowa kaɗai zai lashe babban kaso na guzurin.

A nan fa wasa ya ƙare, domin duk wanda ya san yankin ya san cewa a 'yan shekarun nan babbar cacar ita ce hanyar kan ta. A ƙarshen Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. A Nuwambar wannan shekara jaridu su ka ruwaito cewa yaran Bello Turji sun naɗa nasu shugaban a Gangara, su na aza wa ƙauyuka haraji. A Disamba aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 su ka rasu. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba kan hanyar sa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannun su cikin Agusta. Allah ya jiƙan su. Dubban mutanen yankin sun tsallaka Nijar gudun hijira, an tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Hanyar da saurayi zai bi ya je wasa, ita ce iyayen wasu su ka bi da tabarma a ka su na neman tsira. In aka tare mota, ba naira 100,000 ɗin sa za a tambaya ba. Gonar gidan su da shanun noma ne za su tafi kuɗin fansa.

Ina za a kwana?

A ce Allah ya tsare, ya sauka lafiya. Saura makwanci, kuma a nan ne mai tafiya shi kaɗai ke gane cewa araha ba ta ado.

Bahaushe ya daɗe da warware matsalar masauki ba tare da otal ba. Fatake na da fatoma, mai gidan da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya ɗauki la'adar sa. Wanda ba ɗan kasuwa ba kuma ya na da zauren ɗan'uwa ko na mutumin garin su. Ga Bagobiri a Tsibiri ko Maraɗi wannan ba abin nema ba ne, ko sisi ba zai biya ba, har da tuwon dare da kokon safe. Amma kuɗin wannan masauki da ido ake biyan sa. Tun a ƙofar gida dattijo zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "Samari, kai ɗan wa na a Gangara?" Da ya faɗi sunan mahaifin sa, shi ke nan, ya zama amana. Za a tashe shi sallar asuba. Za a tambaye shi inda ya yini. In ya kai sha biyun dare a waje, kafin ya kwanta labari ya isa gida ta waya. Masaukin kyauta na mai zumunci ne da mai fatauci. Ɗan caca ba ya iya zaman sa kwana biyu.

Sai tasha. Nan ba mai tambayar ɗan wa ne kai. Akwai benci, akwai rumfar mai shayi da ba ta mutuwa, akwai gidan wanka na biya, wani wurin har tabarma ake bayarwa haya. Matafiya da yawa na kwana haka kuma gari ya waye lafiya. Bambancin shi ne su kuɗin mota kawai gare su, shi kuwa jarin sa gaba ɗaya na jikin sa. Zai yi matashi da takalmi, hannu ɗaya a kan aljihu, ido ɗaya a buɗe, sauro na nasa aikin. Da safe ya tashi da jan ido da ciwon wuya ya tafi wurin da ake son mutum ya zo a gajiye. Kuma a tasha ne 'yan wala-wala su ka fi kafa tarkon su: karta uku a kan kwali, mutum biyu ko uku na ta "ci" a gaban jama'a su na ihu, alhali duk bakin su ɗaya da mai rabawa. Baƙon da ya tsaya kallo na minti biyar, an riga an auna nauyin aljihun sa.

Na uku shi ne ɗakin haya na kwana. A Maraɗi akwai manya, har da otal ɗin da aka sa wa sunan Jangorzo, sarkin kakannin sa, amma kwana biyu a irin su ya isa ya cinye abin da ya rage bayan canji. Ƙananan kuma fanka ce da katifa da bokiti, kuma a ƙasashen renon Faransa al'ada ce a nemi katin shaida a rubuta sunan baƙo kafin a miƙa masa makulli. A Abuja abin ya fi haka ban takaici. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya kwana a Maitama. Sai dai Mararraba ko Nyanya ko Zuba ko Suleja, inda talakan Abuja ke kwana, nesa da tsakiyar gari. Gidan caca kuwa da dare ya ke cika. Ƙarfe biyu ko uku na dare zai fito, babu motar haya ta gama-gari, sai tasi na shata. Abin da ya tsimi a kuɗin ɗaki, direba ya karɓe.

Su Turawan da su ka ƙirƙiro wannan sana'a sun daɗe da gano sirrin makwanci. A Las Vegas ta Amurka, gidajen caca su ne otal-otal ɗin, kuma su kan karya kuɗin ɗaki, wanda ya saba zuba kuɗi ma a ba shi kyauta, har da abinci. Ba don Allah ba ne. So ake ya kwana a saman teburin, ya sauko da safe ya ci gaba. Zaurukan wasan ma galibi ba agogo a bango, ba taga, don kada mutum ya san gari ya waye. Duk inda aka sauƙaƙa wa ɗan caca wurin kwana, an san inda za a fanshe.

Teburin kan sa

To ga shi ya iso, ya nuna shaidar ya haura shekara 18, ya canza kuɗin sa zuwa 'yan fayafayen roba da ake zubi da su. Wannan ma dabara ce, don roba ba ta da zafin fita kamar takardar naira.

A ɗauki wasan da aka fi nunawa a fim, faifan nan mai juyawa da ake jefa wa ɗan ƙwallo, wato rulet. Gurabe 37 gare shi, daga 0 zuwa 36: 18 ja, 18 baƙi, sifili kuma kore. Wanda ya zaɓi lamba ɗaya ta fito, za a ba shi ninki 35 na zubin sa. Da adalci ake so, ninki 36 ya kamata. Wannan ɗan gibin shi ne abincin gidan: naira 2 da kobo 70 a cikin kowace naira 100 da aka ajiye a tebur. Irin na Amurka mai sifili biyu kuwa ya haura naira 5. Ka ce ai kaɗan ne. To ba a kan kuɗin da ka shigo da shi ake cira ba, a kan kowane zubi ne. Mai zuba naira 1,000 sau 100 a dare ɗaya ya juya naira 100,000 ke nan, ko da dubu ashirin ya shigo da ita. Gidan ba ya buƙatar maguɗi ko tsafi. Haƙuri kawai ya ke yi, ya bar ka ka daɗe a zaune.

Akwai wata dabara da kowane sabon shiga ke jin shi ya fara gano ta: ka zuba a ja, in ka faɗi ka ninka, in ka sake faɗi ka sake ninkawa, ai dole wata rana ja ta fito ka maida komai. A lissafa. An fara da 1,000, sai 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000, 64,000. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye naira 127,000, kuma zubi na takwas na neman 128,000, duk don a ci ribar naira 1,000 tak. Saurayin Gangara ko zubi na bakwai ba zai iya ba. Faɗuwa bakwai a jere kuma ba abin al'ajabi ba ce, ta kan zo kusan sau ɗaya a cikin gwaji ɗari da 'yan kai. Ɗan ƙwallon ba shi da tunani, bai san abin da ya fito ɗazu ba. A gidan cacar Monte Carlo, ranar 18 ga Agusta 1913, baƙi ya fito sau 26 a jere, attajirai na ta zuba dukiya a ja su na cewa yanzu kam dole ta juya. Ƙasar Monako mai wannan gida, af, ta hana 'yan ƙasar ta yin caca a cikin sa. Baƙi kawai ake so. Mai abu ya san abin sa.

Cacar dawakin Maraɗi ma haka lissafin ta ya ke, sai dai ta wata fuska. Ana tara kuɗin kowa wuri guda, hukuma ta fara cire nata kason, sannan a raba ragowar ga waɗanda su ka dace. A tseren doki 16, hanyoyin da na ɗaya da na biyu da na uku za su iya jeruwa sun kai 3,360. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A gaskiya ma yawancin samarin yanzu ba sa wannan doguwar tafiya, don gidan cacar ya biyo su har ɗaka. Wayar hannu ta wadatar: a zaɓi wasannin ƙwallon Turai, a jera, a tura kuɗi. Wanda ya jera wasa 10 a tikiti guda, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damar sa ɗaya ce cikin 1,024, kuma kullum "wasa ɗaya ne ya yanke". Hisbar Kano ta rufe shagunan irin wannan caca da dama a Oktobar 2024, kuma a Nuwambar wannan shekara Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, ba gwamnatin tarayya ba. Shago dai ana iya sa masa kwaɗo. Wayar da ke aljihun yaro kuwa sai dai in an katse layin gari gaba ɗaya.

Komawa gida

Tsofaffin 'yan hannu na da wata al'ada: kafin su zauna, su kan ware kuɗin motar komawa su ba mai shayin tasha ajiya, su ce ko sun zo su na kuka kada ya ba su sai da safe. Masu shayi sun san yadda ake ƙarewa. Tsakar dare sai ga mutum ya dawo ya na sosa ƙeya: "Baba, don Allah ɗan ba ni ajiyar nan, yanzu zan dawo da ita." Bayan ajiya sai waya, bayan waya sai agogo da takalmi. Mai aboki a gefe ya na da wanda zai ja rigar sa ya ce tashi mu tafi. Wanda ya zaɓi tafiya shi kaɗai don kada a gan shi, ya bar wannan mutumin a gida. Daga nan sai dako a kasuwa ko turin ruwa na 'yan kwanaki, har kuɗin mota ya haɗu.

Wanda ya tsira da kuɗin motar ma da sauran sa. Direbobin gabashin Sakkwato ba sa son yamma ta yi masu a hanya, don haka wanda bai samu motar safe ba sai ya ƙara kwana a tasha, kwanan da ba ya cikin lissafi. Ga kuma abu na ƙarshe da ba mai tunawa da shi lokacin shiri. Da zai fita, ce wa mahaifiyar sa ya yi zai je Maraɗi duba wata sana'a. Wanda ya je Maraɗi kuwa ba ya dawowa hannu rabbana: akwai dabino, akwai cuku, akwai kilishi, ko ba komai ɗan turmin atamfa na Inna. Tun daga bakin gari ƙanne za su taro shi da gudu su na "oyoyo Yaya", wannan ya karɓi jaka, wancan ya na leƙen leda.